Gargaɗi kan masu sayar da hektoci a daji da alkawarin itacen katako

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na masu niyyar zuba kuɗinsu a ƙasa ne, musamman ma'aikatan da kuɗin sallamarsu ya kusa fitowa, da 'yan uwanmu mazauna Saudiyya da Ingila da Amurka masu neman inda za su ajiye guminsu a gida. Akwai wani salon talla da ya cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Kamfani zai ce ya mallaki daji guda mai ɗaruruwan hekta, a ce a wajen Keffi ko Kachia ko hanyar Abaji, yana yankawa yana sayarwa biyar-biyar ko goma-goma. Bidiyon daga sama aka ɗauko shi, ga kore shar, ga rafi, ga wani saurayi cikin farar shadda yana nuna nesa da yatsa. Za ka yi gona, ka gina gidan hutawa, ka zuba shanu. Idan kuma ba ka da lokaci, su za su dasa maka itacen katako su kula da shi, bayan 'yan shekaru a sare a ba ka miliyoyi.

Akwai masu sayar da gonaki na gaskiya, ban ce babu ba. Amma irin waɗanda nake magana a kansu, sunan kamfanin ba shi ne abin lura ba, don yau wannan ne gobe wancan. Tafiyar ce iri ɗaya.

Ranar Asabar za a kwashe ku a bas kyauta, har da abinci a leda. A tsaya a bakin wata gona mai kyau kusa da kwalta, a ce muku daga wancan dutsen zuwa wancan rafin duk nasu ne. Ba wanda zai nuna maka turakun naka yankin, sai dai a ce safiyo na nan tafe. Idan ka matsa kana son shiga ciki, a ce hanya ta lalace ko kuma ba tsaro yau. Kafin ku hau mota an sanar da ku cewa farashi zai tashi ranar Litinin, saura mutum bakwai a rufe, don haka a ajiye kafin alƙalami yanzu. Wanda ke waje kuwa ko bas ɗin ba ya samu. Bidiyo ne da lambar asusu.

Abin da za a miƙa maka bayan ka biya shi ne rasit da takardar rabo mai ɗauke da tambarin kamfanin, wani lokaci da yarjejeniyar da lauyansu ya rubuta. A ofishinsu kuma an rataye takardar rajistar CAC da ta SCUML a cikin gilashi. Ku fahimci wannan da kyau: rajistar CAC tana nuna kamfani ya wanzu ne kawai, ita kuma ta SCUML rajista ce a sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce kamfanin ya mallaki ko taku ɗaya na ƙasa. Takardar rabo kuwa kamfanin ne ya buga wa kansa, kowa da na'urar buga takarda zai iya yin irinta.

A Najeriya, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99 idan da takardar C of O, wato shaidar haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin gargajiya, amma sashe na 6 ya yi mata iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. To kamfanin da ya ce yana da hekta dubu biyu na noma, ya nuna maka takardar ciyaman ko ta hakimi kawai, ya riga ya faɗa maka matsalarsa da bakinsa. Ko da yana da C of O na gaske, sashe na 22 ya ce ba zai sayar ko ya jinginar ba sai gwamna ya amince, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan haka tun 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda banki guda ya rasa ikon sayar da kadarar da aka jinginar masa saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Idan banki da lauyoyinsa sun sha ƙasa a kan wannan, ina ga malamin makaranta mai rasit?

Abuja kuma hukuncinta daban. Ƙasar birnin tarayya gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce tun 1976, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Madu da Madu ta 2008 cewa ministan birnin ne ke da ikon ba da fili. Wanda ya ce maka ya sayi hekta ɗari a Kuje ko Kwali daga hannun sarkin ƙauye, ka tambaye shi lambar fayil ɗinsa a AGIS, ofishin filaye na Abuja. Daga nan za ka ga an fara kame-kame.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne irin dajin da ake nunawa. Ka tambayi kanka, a wannan zamani da ake rigima a kan kowace fadama, ta yaya aka samu daji mai manyan itatuwa, ɗaruruwan hekta, ba gona ba gida, yana jiran ɗan kamfani? Sau da yawa dalilin da ya sa ya tsira shi ne gandun daji ne na gwamnati da aka keɓe a hukumance, irin su Nimbia da Afaka a jihar Kaduna ko Falgore a Kano, ko kuwa makiyaya ce da aka ware ƙarƙashin dokar 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, ko burtali. Waɗannan ba dagaci ba hakimi ba ciyaman da ke da ikon sayar da su. Ranar da ka kai injin sare itace, ma'aikatan gandun daji ne za su tarbe ka, kuma kai ne mai laifi, ba wanda ya sayar maka ba. Idan burtali ne ka katange, ka sayi fitinar da kowa ya san yadda take ƙarewa a ƙasar nan. Wani dajin kuma babu kowa a cikinsa ne don mutanen wurin sun gudu daga 'yan bindiga, shi ya sa ya yi araha, shi ya sa kuma ba a son ka shiga.

Sai gonar gado. Wannan tsohuwar cuta ce, sabuwar riga kawai aka sa mata. Ɗaya daga cikin magada, ko wanda aka ba aron gona ko jingina ya daɗe yana nomawa, shi zai karɓi kuɗin kamfani ya sa hannu, a samu mai unguwa ya shaida. Shekara biyu ka fara gini, sai ga sauran 'ya'yan mamaci, har da mata da ke aure a wasu garuruwa, sun shigar da ƙara a kotun shari'a. Gadon da ba a raba ba, mutum ɗaya ba ya sayar da shi duka, kuma ko rabonsa kaɗai ya sayar, a fiƙihun Malikiyya abokan tarayyarsa na da haƙƙin shufu'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓi abinsu. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Masu wannan sana'a da yawansu da carbi a hannu suke tallar. A ƙauyuka da dama ma, itacen ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya da ke cikin gona yana da mai shi daban da mai gonar, abin da ɗan birni ba ya sani sai lokacin kaɗar ɗorawa ya zo ya ga mutane a cikin abin da yake kira nasa.

Yanzu lissafin itacen, wanda shi ne ƙugiyar da ke kama masu ilimi. Za a ce hekta ɗaya na ɗaukar itacen katako na tik (teak) sama da 1,100. Wannan gaskiya ne, idan aka bar mita uku tsakanin kowane biyu, 1,111 ake samu. Sai a ninka wannan adadi da farashin babban gungume a kasuwar katako, a nuna maka jimillar da za ta hana ka barci. Abin da ba a faɗa ba shi ne, duk mai gandun tik dole ya riƙa rage itatuwan lokaci-lokaci don sauran su yi kauri, waɗanda ke kai wa ƙarshe a hekta ba su wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba, sau da yawa wajen ɗari biyu. Waɗanda aka cire da wuri sanduna ne, kuɗinsu kaɗan. Kuma tik ba ya zama gungumen da za a tsaga sai ya shekara ashirin ko fiye. Malaina ta fi shi sauri, amma kuɗinta bai kai nasa ba. Duk wanda ya ce maka shekara biyar za a sare tik a biya ka, ko dai bai taɓa dasa itace ba, ko ya san ba zai kai shekara biyar a wannan ofishin ba. Ban ma yi maganar gobarar daji ta lokacin hunturu ba, da gara, da awaki, da masu gawayi da ke shiga cikin dare. Tik kuma yana son ruwan sama mai yawa. A kudancin Kaduna ko Nasarawa yana yi, amma wanda ya yi maka tallarsa a busasshen tudu can arewa, ka san da sake.

Wasu kuma madobiya suke talla, wadda a Taraba ake ce wa Madrid, wai dajin cike yake da ita, kai dai ka sare ka sayar wa 'yan China. Wannan kasuwa ta yi tashe shekarun baya har ta kusa ƙarar da itacen. Tun farkon 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Ko a gonarka ta halak, sare itacen katako don sayarwa sai da izinin ma'aikatar gandun daji ta jiha.

Wannan dabara ba a nan aka ƙirƙire ta ba. A Indiya, kamfanin Anubhav na birnin Chennai ya tara kuɗin jama'a da sunan gandun tik, ya rushe a 1998. Wani kamfanin mai suna PACL kuma ya yi shekaru yana karɓar kuɗi da alkawarin filayen noma, har a 2014 hukumar kula da hannun jari ta ƙasar ta umarce shi ya mayar da rupi biliyan 491 ga mutum sama da miliyan 58. Su ma rasit da takardun rabo aka ba su. Mu da muka ga damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025, ya kamata mu gane ƙamshin. Da zarar an ce ka kawo mutum uku a ba ka rabin hekta kyauta, ko a fara biyan ka “riba” duk wata alhali itacen bai kai gwiwa ba, to kuɗin sababbin shiga ake ba ka. Duk tsarin da ke tara kuɗin mutane ya juya musu da alkawarin riba dole ya yi rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun ga masu irin wannan damfara.

A kula da awo ma. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. A baki a ce maka hekta, a takarda a rubuta eka, ka rasa fiye da rabin abin da ka biya ba tare da an taɓa maka ko turke ɗaya ba.

Mai son saye da gaske, kada ya yi cinikin biri a sama. Ka nemi kwafin C of O da taswirar filin mai lambobin turaku, ka ɗauki lauyanka, ba nasu ba, ya je ofishin filaye na jihar ya yi bincike a rubuce: KADGIS a Kaduna, NAGIS a Nasarawa, KANGIS a Kano, AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wanda ke riƙe da takardar, da ko an jinginar da ita a banki. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya je da na'urarsa ya tsaya a kan turakun, a tabbatar wurin da ke cikin takarda shi ne wanda aka kai ku a bas, don wani lokaci takardar ta gaske ce amma ta wani wuri ce mai nisan kilomita da yawa. Ka leƙa ma'aikatar gandun daji ka tambaya ko wurin na cikin keɓaɓɓen daji. Sannan ka koma ƙauyen wata rana kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka yi sallah a masallacinsu, ka gaida dagaci, ka zauna da maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa ka ce, “Baba, wannan wurin na wane ne?” Tsoho ɗaya a gindin bishiya zai faɗa maka abin da ofis uku ba su faɗa ba. Ka je da damina ma, ka ga ko mota na shiga. Mazauna waje su wakilta wanda ba shi da la'ada a cinikin, kuma kuɗi ya shiga asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na wani yaron ofis ba.

Wanda kuma ya riga ya biya, ya daina ƙara ko sisi, ko an ce na safiyo ne ko na fitar da takarda. Ka adana rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin WhatsApp, ka ɗauki hoton tallar kafin a goge ta. Ku nemi juna ku da aka kwasa a bas ɗaya, ku ɗauki lauya ɗaya, ku rubuta koke zuwa EFCC ko 'yan sanda, da SEC idan an yi muku alkawarin riba. Dokar zamba ta 2006, wadda ta shafi karɓar dukiya ta hanyar yaudara, hukuncinta ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ne ba zaɓin tara. Kuma idan wani ya kira ka ya ce shi jami'i ne, zai karɓo maka kuɗinka in ka biya na buɗe fayil, ka kashe wayar. Kai koke EFCC kyauta ne.