Neman ɓoyayyen akwati a ƙauyen Eyam: tarihin ya biya ni, akwatin ya ɓata mini rai

Na jima ina wasan Geocaching, wato bin lambobin GPS a waya domin gano akwatunan da mutane ke ɓoyewa, kuma galibin waɗanda na samu a kewayen Sheffield 'yan robobi ne da ake maƙalawa a bayan allon hanya, mutum ya sa hannu a takarda ya wuce ba tare da ya ƙaru da komai ba. Wanda na bi a Eyam, wani ƙauye da ke cikin tuddan Peak District a gundumar Derbyshire ta Ingila, daban yake. Irin mai matakai ne, wanda mai shi ba ya bayar da lambobin wurin ƙarshe, sai dai ya tura ka wurare daban-daban ka tattaro alƙaluma daga alluna da duwatsu, sannan ka harhaɗa su da kanka.

Matakin farko ya tsayar da ni a gaban jerin gidajen dutse da ke kusa da cocin St Lawrence, inda annoba ta fara a watan Satumba na 1665. Ƙunshin yadi ne aka aiko wa telan ƙauyen daga Landan, ɗauke da ƙuma masu cutar, kuma mataimakin telan, George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin ya shanya yadin a bakin wuta, shi ne ya fara mutuwa. A jikin kowane gida akwai allo mai sunayen waɗanda suka rasu a cikinsa, kuma da yake daga allunan ake ciro alƙaluman, tilas mutum ya karanta su layi-layi. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin na ga masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna wucewa, ni kuwa wasan ya hana ni gaggawa.

Daga nan hanya ta fita bayan gari zuwa dutsen iyaka da ke tsakanin Eyam da ƙauyen Stoney Middleton. A shekarar 1666 limamin cocin, William Mompesson, tare da Thomas Stanley wanda ya taɓa riƙe muƙamin kafin shi, suka shawo kan mutanen ƙauyen su killace kansu, kada kowa ya fita, kada kowa ya shiga. Maƙwabta sukan ajiye abinci a bakin iyaka, 'yan ƙauyen kuma su zuba tsabar kuɗi a cikin ramukan da aka fafe a kan dutsen, waɗanda aka cika da ruwan khal bisa imanin cewa yana kashe cutar. Ramukan suna nan har yau, na sa yatsa a cikinsu, na tarar da ruwan sama da 'yan kwabban da baƙi ke jefawa. A wurin ne hadisin nan da muka haddace tun muna Islamiyya ya faɗo mini, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana wanda ke ciki fita. Zuwa wannan mataki, da an tambaye ni, da na ba mai akwatin taurari biyar ba tare da wani tunani ba.

Abin ya fara sauyawa ne a kaburburan Riley. Suna tsakiyar wata makiyaya a gabashin ƙauyen, an kewaye su da gajeriyar katangar dutse, tumaki na kiwo a gefe. A nan Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida a cikin kwana takwas, daga 3 zuwa 10 ga Agusta 1666, domin an riga an yanke cewa kowane gida shi zai binne mamatansa. Umarnin da ke cikin waya ya ce in ɗauki ranar rasuwar ɗaya daga cikin yaran, in haɗa da wani adadi, in sami lambar GPS ta arewa ta wurin ƙarshe. Na durƙusa ina dubawa ta tsakanin gansakuka da ido kawai, saboda ban ga dacewar taɓa dutsen ba, ina ƙoƙarin karanta rubutun da ruwan sama ya cinye, sai na ji abin ya yi mini nauyi. Ba na zargin mai akwatin da mugun nufi, kuma gaskiya ne cewa ba domin shi ba da ban taka zuwa wannan makiyaya ba. Amma a bayaninsa babu ko jimla ɗaya da ke tunatar da mai nema cewa kabari ne yake tsaye a kai, alhali akwai allon bayani a wurin da zai iya ɗaukar alƙalumansa daga ciki. Mutum 260 aƙalla ƙauyen ya rasa a cikin wata goma sha huɗu, har da Catherine, matar Mompesson, wadda kabarinta ke harabar cocin, saboda haka wanda zai gina wasa a kan wannan tarihi ya kamata ya san inda zai sassauta.

Duk da haka na kammala lissafin na nufi wurin ƙarshe, kuma a nan haƙurina ya ƙare. An rubuta cewa wahalar hanyar biyu ce cikin biyar, amma gangare ne mai santsi da taɓo har idon sawu, ga shi sabis ya ɗauke, sai taswirar da na riga na sauke ce ta taimake ni. Alamar da aka bayar ta ce a duba kusa da katanga, kuma duk mai wannan wasa a Birtaniya ya san ba a yarda a ɓoye akwati a cikin katangun dutsen da aka jera ba tare da siminti ba, domin masu nema sukan zare duwatsu su rushe wa manomi aikinsa. Hakan kuwa aka yi, na ga gurbin duwatsun da waɗanda suka riga ni suka ciro suka yar a ƙasa. Akwatin kansa yana gindin wata bishiya nesa kaɗan da katangar, murfinsa a tsage, ruwa ya cika shi, littafin sa hannu ya jiƙe ya dunƙule kamar tuwon jiya, fensir ya ruɓe, katantanwa biyu sun tare a ciki. Da na koma inda akwai sabis na duba bayanan waɗanda suka zo a baya, sai na ga an sha kai kukan cewa akwatin na buƙatar gyara, mai shi bai amsa wa kowa ba.

Taurari uku na bayar, kuma dukansu na matakan cikin gari ne da na dutsen iyaka. Wanda zai je ya sa takalmin taɓo, ya sauke taswira tun daga gida, ya riƙe busasshiyar takarda da biro, sannan ya ware lokaci ya shiga ƙaramin gidan tarihin ƙauyen, inda aka yi bayanin annobar da haƙar dalmar da mutanen yankin suka rayu a kai. Na tura rahoto ga masu sa ido a kan akwatunan yankin, na haɗa da hoton katangar, na nemi ko dai a gyara alamar a sauya akwatin, ko kuma a rufe shi gaba ɗaya.