Daga Hamburg: kwamfutar da ta yi ta ƙugi da datar da ta ƙi gudu

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka gaida Inna, ka ce mata sanyi ya fara sauƙi. Ka tambaye ni ko kayan nan sun fi na gida, tun da kana son in sayo maka kwamfuta. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni watan jiya, sai ka auna da kanka.

Ɗakin da na kama ba shi da intanet na gida, don haka da wayata nake jona kwamfutar. Wata ranar Talata fankar cikinta ta fara ƙugi kamar injin markaɗe, gindinta ya yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Kwana biyu bayan haka intanet ya zama kamar tafiyar hawainiya. Na ɗauka cuta ɗaya ce, ashe biyu ne, sai dai tushensu ɗaya. Windows, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita ce ta yi ta sauko da manyan fayilolin sabuntawa a ɓoye, hotunana kuma suna ta hawa ma'ajiyar intanet. Aikin ya gajiyar da kwamfutar, ya kuma cinye datar wata guda.

Nan ne bambancin da ya fi ba ni mamaki. A gida idan data ta ƙare ka sani nan take, ka danna *312# ka sayi wata, ko ka aiki yaro ya sayo kati. A Jamus ba sa yanke ka. Rage maka gudu suke yi, yawanci zuwa kilobit 64 a daƙiƙa, har wata ya ƙare. Da wannan gudun, hoto mai megabait 1 sai ya ci sama da minti biyu kafin ya tafi. Saƙon WhatsApp yana wucewa, amma kiran bidiyo da Inna bai yiwu ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Sharaɗin yana cikin kwantiragin da na sa wa hannu, an rubuta shi da ƙananan haruffa cikin Jamusanci, kwantiragin kuma na wata 24 ne.

Batun ƙugin kuwa, na kai ta wani shagon gyara. Kuɗin dubawa kawai da suka faɗa ya kusa kuɗin cefanena na mako, kuma sai na bar ta kwanaki. Na tuna Beirut Road a Kano, inda mai gyara zai kwance ta kana tsaye, ya hure ƙurar, ku yi ciniki, ka koma da abarka kafin la'asar. Wallahi na yi kewar wannan.

Wani maƙwabcina ɗan Gana ya nuna mini wurin da suke kira Repair Café, inda masu sa kai ke taya mutane gyara kyauta. Wani dattijo ya miƙo mini sukuddireba, ya ce ni zan kwance da hannuna. Mun tarar, ban da yawan aikin, fankar ma ta toshe da zaren bargo, domin a kan gado nake ɗora ta. Ban zaci akwai ƙura a ƙasar da ba ta san hunturunmu ba. Muka share, muka sake shafa man da ke ɗauke zafi daga ƙwaƙwalwarta, ta yi tsit. Ya kuma nuna mini inda ake gaya wa Windows cewa datar a ƙidaye take, don ta daina jan manyan fayiloli ba izini.

Game da taka kwamfutar: sabon kaya a nan doka ta ba shi kariyar shekara 2 idan ya zo da lahani, amma daga Kano wa zai dawo da ita? Haruffan madanninsu ma ba irin namu ba ne, Z da Y sun yi musanyar wuri. Ka tura mini farashin da ka samu a can kafin Juma'a, in kwatanta da na nan.