Hayar kwamfuta mai rahusa a intanet: Amazon, Google ko Microsoft?

Duk mai hayar kwamfuta a wurin manyan kamfanonin nan daga Accra ko Kumasi ya san inda abin yake masa ciwo: kwastomominsa na biyansa da sidi, shi kuma ƙarshen wata dala ake cire masa. Faɗuwar sidi ta 2022 ta nuna mana haka ƙarara. Shi ya sa nake son matasanmu masu harkar manhaja a Nima, Maamobi da Zangon Kumasi su san wata hanyar rage kuɗi da yawancinsu ke wucewa ba su duba ba.

Kamfanonin suna da tarin injuna a cibiyoyinsu, kuma ba kowane lokaci ne duka ke aiki ba. Maimakon su zauna haka nan, sai a ba da hayarsu da arha, bisa sharaɗi ɗaya: duk sa'ad da mai biyan cikakken farashi ya buƙata, za a karɓe. Amazon ne ya soma a Disambar 2009 da sunan Spot Instances, sauran suka biyo baya.

A talla duk kusan ɗaya suke. Amazon da Microsoft Azure na cewa rangwamen na kaiwa kashi 90 cikin ɗari, Google kuma 91. Wannan ƙololuwa ce, ba kullum ake samunta ba, don haka kar adadin ya ɗauke maka hankali. Inda suka bambanta da gaske shi ne tsawon gargaɗin da ake ba ka kafin a kashe injin. Amazon na ba da minti biyu. Google da Azure daƙiƙa 30 kacal. Idan aikinka na buƙatar ajiye babban fayil kafin ya tsaya, tazarar nan ba ƙarama ba ce, kuma a nan ni Amazon zan zaɓa. Idan kuwa aikin a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace tana ƙarewa cikin 'yan mintoci, to ka bi wanda ya fi araha a ranar.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Tsohon tsarin Google mai suna Preemptible ba ya wuce awa 24, amma sabon, Spot VMs, ba shi da wannan iyaka. Azure na barinka ka sa farashin da ba za ka wuce ba, sannan ka zaɓi a goge injin gaba ɗaya ko a dakatar da shi. In ka zaɓi dakatarwa, kuɗin faifan ajiya na ci gaba da tafiya ko da kana barci.

Wane aiki ya dace? Wanda za a iya katsewa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haɗa bidiyon biki ko na suna, gwajin manhaja kafin a sake ta, lissafin binciken ɗalibin jami'ar KNUST ta Kumasi, koya wa na'ura Hausa ko Twi. Mu da muka ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, na 2015 mun riga mun san darasin: kana aiki kana ajiyewa, domin ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Haka za ka tsara manhajarka, tana ajiye inda ta kai a wata ma'ajiya daban kowane ɗan lokaci. Amma don Allah kar ka ɗora rumbun bayanan shago, ko shafin da ke karɓar kuɗin MoMo (kuɗin da ake turawa ta waya), a kan irin wannan injin. Kwastoma ɗaya da kuɗinsa ya maƙale a tsakiya ya fi duk rangwamen tsada. Irin wannan aiki na dindindin ko dai ka biya cikakken farashi, ko ka ɗauki alkawarin shekara 1 ko 3, wanda a Amazon ke rage har kashi 72. Sai dai ka tuna alkawari ne na dala, kai kuma sidi ne a hannunka.

Babu ɗaya cikin ukun da ke da babbar cibiya a Ghana. Microsoft ya buɗe tasa a Johannesburg a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Aikin da ke tafiya da kansa cikin dare bai damu da nisa ba, saboda haka ka gwada farashin Landan, Ireland da Frankfurt ma, domin farashi da yawan rarar injuna sun bambanta daga yanki zuwa yanki. Kar kuma ka nace wa nau'in inji guda. In ka yarda da nau'o'i da yawa, an fi saurin samo maka madadi. Injuna masu GPU, wato na'urar lissafi mai ƙarfi da ake amfani da ita wajen bidiyo da koya wa na'ura, sun fi wuyar samu.

Rangwamen bai shafi kuɗin ajiya ko na fitar da bayanai zuwa intanet ba, kuma mai sauke manyan bidiyo zuwa Accra zai ji a jikinsa. Idan bayanan mutane ne, duba Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012 kafin ka kai su waje. Sannan kafin ka ɗora aikin kwastoma, kunna ƙaramin inji, ka kashe shi da hannunka ana tsakiyar aiki, ka ga ko manhajarka za ta tashi ta ci gaba.