Rediyo mai memori ko tablet ɗin yara?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin tambaya wanne ya fi dacewa ki saya wa yara, rediyo mai memori ko tablet. Tablet ɗin katun da ƙaramar rediyo mai memori ta labaran fodkas (shirye-shiryen murya da ake saukewa daga intanet), duka biyun na saya da kuɗina. Ki ɗauki rediyon.

Tamu ta shekara biyu a gidan nan. Na zuba wa yarana wani labari mai kashi-kashi, na yaran da suka bi kogi neman ƙaninsu, ga ƙarar ruwa ga kukan kura a bayan murya. Daren farko an ɗauke wuta, su uku cikin gidan sauro ɗaya, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kashin ya ƙare daidai lokacin da kwale-kwale ya fara shan ruwa, sai auta ta fashe da kuka, ita a dole a kunna na gaba. Washegari na tarar da tabarma a tsakar gida ta zama jirgi, muciyata kuma filafili. Surukata da ta ce shirme ne, yanzu ita ke cewa "ga ta nan, ga ta nan ku" kafin a danna.

Kashi mai minti 15 da ƙyar yake kai MB 15, kuma sau ɗaya za ki sauke. Sai dai galibin fodkas ɗin yara da Turanci suke, don haka ki fara saurara da kanki kafin su ji. Na Hausa kuwa, surukar tawa na lallaɓa ta naɗa mana Gizo da Ƙoƙi a waya, na tura a memorin.

Tablet kam hotonsa na da kyau, iyakarsa ke nan. Wata huɗu gilashin ya tsage, kafin nan ma kullum rabon faɗa nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu sayar da memori na jabu. An taɓa sayar mini da mai nuna GB 64, ana cika shi rabin labaran suka ƙi buɗewa, mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba. GB 8 na gaske ya ishe ki. Ki sa a zuba abu da yawa a gabanki, ki kunna na farko da na ƙarshe, sannan ki karɓi rasit kafin ki bar shagon.