Wata huɗu da kwafin agogon matuƙa jirgi a hannuna

A wata kasuwar Juma'a da na ci a Wudil bayan girbi, na sayi agogon hannu da aka kwaikwayi Big Pilot na kamfanin IWC, kuma mai teburin bai ɓoye mini cewa kwafi ne ba. Kuɗinsa bai kai na buhun gero ba, alhali na asali, wanda ake ƙerawa a Schaffhausen ta ƙasar Suwizalan, yana haura dala 10,000.

A ido, maƙeran sun yi ƙoƙari. Fuskar baƙa ce wuluk, lambobin farare ne manya, kuma alamar nan mai kusurwa uku da ɗigo biyu tana zaune daidai a gurbin ƙarfe 12. Wannan tsari ya samo asali ne daga agogon da aka yi wa sojojin saman Jamus a 1940, mai faɗin milimita 55, wanda aka ƙara wa girman maɓallin da ake wana shi da shi domin mai sanye da safar hannu ya iya murza shi cikin sanyin sararin sama. Nawa bai kai haka ba, amma duk da hakan hannun rigar kaftani yana maƙalewa a kansa, kuma ɗalibaina sun riƙa tambaya ko agogon bango na ɗaura.

Aibin yana ciki. Na asali, idan an wana shi ya cika, yana yin kwana 7 bai tsaya ba, kuma akwai ƙaramar allura a gefen ƙarfe 3 da ke nuna ƙarfin da ya rage. A nawa allurar tana nan, sai dai ba ta taɓa motsawa ba, agogon kuma idan na ajiye shi daren Alhamis, kafin hantsin Asabar ya mutu. Da na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ya buɗe bayan ya nuna mini ɗan ƙaramin inji da aka tokare da zoben roba don ya cika gurbin, sannan ya ce, "Malam, wannan allura ado ce kawai, babu abin da ke juya ta." Ya ƙara da cewa gilashin ba irin mai taurin nan ba ne da yashi ba ya karcewa, ni ma shaida ne, domin tafiya a babur cikin hunturu ta bar masa zane biyu.

Hasken da ke jikin lambobin yana dusashewa tun kafin tsakar dare, don haka ba ya amfanar mai duba lokacin sahur ko asuba a ɗakin da babu wuta. Ruwa kuwa ban yarda da shi ba tun ranar da na manta na yi alwala da shi, raɓa ta kwanta a ƙarƙashin gilashin har kwana biyu. Maɗaurin ya fara ɓarewa a wata na uku, na kai wa baduku ya ɗinka mini na fatar akuya, wanda ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Wajen lokaci, yana gaba da kusan minti ɗaya kullum, nakan daidaita shi da labaran rediyo na safe. Yanzu ranar Juma'a da wurin ɗaurin aure kawai nake ɗaura shi, gona da makaranta kuma na koma wa tsohon Casio ɗina mai batir.