Mai rawar kai da hannu: ina za ka kai haƙorinka a Yamai?

Shekara tara ke nan hannuna da kaina suna rawa. Gado ne, haka babana yake, kuma likita ya ce ba cutar Parkinson ba ce: tawa sai na ɗauki kofi ko cokali take tashi. Maganin propranolol nake sha don rage rawar.

Wuri uku ke gabanka. Babban asibitin ƙasa akwai ƙwararru, kuɗin da sauƙi, amma zaman layi da yunwa da fargaba kan sa rawar ta ninka kafin a kira sunanka. Mai cire haƙori na kasuwa kuwa, kada ma ka tsaya.

Ni dai ƙaramin kiliniki mai ba da randebu na zaɓa, ko da ya fi tsada. Ka nemi na farkon safiya, aiki gajere. Ka duba kujerar: in tana kwantawa sosai, da ɗan matashi a wuya, rawar kai takan lafa da kanta. Ka tambaya ko suna da robar da ake cizawa don baki ya tsaya buɗe. Sai babbar tambaya, allurar kashe zafi. Wadda aka saba, lidocaïne, galibi da sinadarin adrenalin a ciki, shi kuma adrenalin yana tada rawa, ga shi ba ya shiri da propranolol, yana iya hawar da jini. Akwai wata allurar, mépivacaïne mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, marar adrenalin. Na taɓa zuwa wani wuri bayan shayi zagaye uku, ba wanda ya tambaye ni maganin da nake sha. Ana yin allura zuciyata ta hau dukan tara-tara, kaina na kaɗawa, likitan ya ajiye kayansa ya ce, "Malam, ka natsu mana." Tun ranar, safiyar randebu ba shayi, ba kafe, ba goro.

Kada wani ya ce ka haɗiyi ƙwayar kwantar da hankali daga tiren masu talla. Ta sha rana, kwanan watan an kankare, wata ma alli ce. Ko ta gaske ce, propranolol na iya shaƙe mai asma, diazepam kuma ya bar ka kana tangaɗi a kan babur. Mai cewa yana da saiwar da ke yanke rawar cikin kwana 7, kuɗinka yake so. Ka tafi farmasi da takardar likita, kwalin maganin kuma ka sa a aljihu ka nuna wa mai haƙorin kafin ka zauna.