Eudora bayan an buɗe cikinta: sharhin wanda ya daɗe yana aiki da ita

Tun watan Mayun 2018 gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a jihar Kalifoniya ya saki asalin rubutun da aka gina manhajar imel ta Eudora da shi ga duk mai so, kyauta, a ƙarƙashin lasisin BSD. Lasisin ba shi da tsauri: ka ɗauka, ka karanta, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama, muddin ka bar sanarwar haƙƙin mallaka a inda ka same ta. Kamfanin Qualcomm, wanda ya daina kula da manhajar tun 2006, shi ya miƙa wa gidan tarihin komai, har da sunan da haƙƙin mallakar, bayan an shafe shekara biyar ana tattaunawa.

Ni ina cikin waɗanda labarin ya shafa kai tsaye. Ƙaramin ofishin fassara da buga takardu nake da shi a Tudun Wada, kuma wasiƙun aikinmu na shekaru masu yawa duk a cikin Eudora suke, a wata tsohuwar kwamfuta da ba ma haɗa ta da komai sai firinta. Kwanan baya na zauna na gwada abin da aka sakin, da gyare-gyaren da suka biyo bayansa, don in ga ko akwai dalilin ci gaba da zama da ita. Amsar a taƙaice: sakin ya yi amfani, amma ba irin amfanin da masoyanta suka yi fata ba.

Ga wanda bai san ta ba, Eudora manhajar karanta imel ce da ake sakawa a kwamfuta, ba shafin intanet ba ce irin Gmail ko Yahoo da ake buɗewa a burauza. Steve Dorner ya fara rubuta ta a 1988 a Jami'ar Illinois, don kwamfutocin Macintosh, daga baya Qualcomm ta karɓe ta a 1991 ta fitar da ta Windows. Ta ƙarshe da aka yi wa Windows ita ce 7.1.0.9, kuma da ita nake aiki.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya sa muka riƙe ta ba, don ba su san lokacin da intanet ke shigowa ta layin tarho ana lissafa maka minti ba. Da Eudora sai ka zauna ka rubuta wasiƙunka duka layi a kashe, ka jera su, sannan ka kunna modem, ta tura na turawa ta kwaso na kwasowa, ka kashe. Karatu da amsa duk daga baya, cikin natsuwa. Wanda ke shagon intanet a titin Ahmadu Bello kuwa yana rubutu yana kallon agogo, in wuta ta ɗauke abin da ya rubuta ya tafi ke nan. Wannan halin nata har yau bai tsufa ba a garin da netwok ke zuwa yana komawa. Kuma ba ta da nauyi. Kwamfutar da ke nishi in an buɗe mata shafi uku a burauza, Eudora na tashi a kanta kafin ka gyara zama.

Sai batun tace wasiƙu. Kana iya kafa mata doka cewa duk saƙon da ya zo daga wane, ko mai ɗauke da kalma kaza a kansa, a kai shi akwati kaza, a shafa masa launi kaza. Kowane akwati yana buɗewa a tagarsa, ka jera uku ko huɗu gefe da gefe kana kwatanta abin da abokin ciniki ya ce bara da abin da yake cewa bana. Bincikenta ma ba wasa. Akwai kuma wani abin dariya da ake kira MoodWatch: in ka rubuta kalamai masu zafi sai ta liƙa wa wasiƙar hoton barkono, ɗaya ko biyu ko uku, ta gargaɗe ka kafin ka tura. Turanci kaɗai take ji, saboda haka duk baƙar maganar da ka yi da Hausa sai ta wuce salin-alin ba barkono ko ɗaya.

To, ga abin da aka saki. Ni ba mai rubuta manhaja ba ne, don haka na kira ɗan ƙanwata da ya karanci kwamfuta a Poli, muka sauke ɓangaren Windows. Fayil sama da 8,000 ne, nauyinsu ya haura megabait 400, an rubuta su da yaren C++. Na Macintosh daban yake, da yaren C, kuma bai kai wannan girma ba. Yaron ya ɗauki lokaci yana leƙe-leƙe, sannan ya ɗago.

"Kawu, wannan ba zai haɗu haka nan ba."

Na ce, "Ba an ce duka aka saki ba?"

"Nasu suka saki. Akwai sassan da wasu kamfanoni suka rubuta, Qualcomm haya kawai ta yi. Waɗannan an cire su."

Gaskiyarsa. Gidan tarihin bai ɓoye ba, ya faɗa tun farko cewa ya cire duk abin da ba shi da ikon rabawa, ya kuma goge ashar ɗin da masu rubutun suka bari a bayanansu na gefe. Babban abin da ya ɓace a ɓangaren Windows shi ne wani tarin kayan aiki mai suna Stingray, wanda tagogi da maɓallan manhajar suka dogara a kansa. Abin ya zama kamar a ba ka tsohuwar Fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri a da, da takardunta cif, amma an zare giyabos saboda na aro ne. Sai ka nufi Panteka neman wanda zai ƙera maka wani. Saboda haka duk wanda ya ji an ce "an sake ta kyauta" ya zaci zai sauke ya danna ya fara aiki, ya sauke wannan zaton. Abin da ke wurin na masu gini ne.

Masu ginin sun fito kuwa. Wasu 'yan sa-kai sun kafa wani aiki mai suna Hermes don farfaɗo da ita, kuma abu na farko mai amfani da suka fitar shi ne gyaran tsaro. Eudora ta tsaya da tsohon tsarin kulle saƙo tsakaninta da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel, alhali manyan masu ba da imel sun koma kan sabon tsari mai suna TLS 1.2 da abin da ya biyo baya. Gyaran Hermes 'yan fayiloli ne da ake kwafewa a kan tsofaffin, sai manhajar ta iya gaisawa da sabar zamani. Mun saka, ya yi aiki. Nan na ga amfanin buɗe rubutun da idona, don da a rufe yake babu mai iya taɓa wannan ɓangaren da tabbaci.

Amma ƙofa ɗaya ce aka buɗe cikin da yawa. Tun ƙarshen Mayun 2022 Google ta daina barin tsofaffin manhajoji su shiga asusun Gmail da kalmar sirri zalla. Eudora ba ta san sabuwar hanyar shiga ta OAuth ba, don haka sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don ita kaɗai. Ana yi, ba wuya can ba ce, sai dai ba aikin da zan ba wani dattijo ya yi shi kaɗai ba ne. Wasiƙun zamani kuma, masu hotuna da ado irin na bankuna da kamfanonin jirgi, sau da yawa a hargitse suke fitowa.

Inda na fi daɗewa shi ne haruffa, don nan abincina yake. Eudora ta girma a zamanin da kowane harafi ke da gurbi ɗaya cikin gurabe 256, kuma an cika guraben da haruffan Turai ta yamma. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Duniya ta koma tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar haruffan kowane harshe, har da ajami, amma ita ba ta bi ba. A UTF-8 harafin ƙ gurbi biyu yake ci, sai manhajar da ba ta san tsarin ba ta karanta kowane gurbi da kansa, ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ya zauna, ko É— a madadin ɗ, ko kuma alamar tambaya kawai. Ka yi tunanin an aiko maka da shafi biyu na Hausa a gyara, kowane layi da irin wannan tarkace. Shi ya sa shekara da shekaru muke rubuta k' da d' da b' a jikin wasiƙa, aikin gaske kuma mu maƙala shi a fayil daban. Mun saba har mun daina ganin abin a matsayin nakasu.

Wannan ne ya fi ba ni haushi game da jinkirin. Matsalar haruffa na cikin abubuwan da masu Hermes suka sa a gaba, kuma ba mu kaɗai ta dama ba, ta dami Larabawa da Rashawa da Yarabawa masu ɗigo a ƙarƙashin harafi. Da a 2006 aka saki rubutun, lokacin da masu amfani da ita suke da ɗimbin yawa kuma waɗanda suka rubuta ta ba su watse ba, da wuya a ce ba a samu wanda ya zauna ya gyara ba. Maimakon haka sai Qualcomm ta bi wata hanya: ta ce sabuwar Eudora za ta zama buɗaɗɗiya, amma a kan ginin Thunderbird, wata buɗaɗɗiyar manhajar imel. Aikin ya fara da sunan Penelope, ya fito a 2010 da sunan Eudora OSE, kuma duk wanda ya san ta asali da ya buɗe zai gane Thunderbird ce aka sauya wa fuska. Ba ta yi nisa ba aka watsar. Kafin ainihin rubutun ya fito an yi shekara goma sha biyu, jama'a sun koma waya, masu gwaninta sun kama wasu ayyukan. Ihu bayan hari, in ji masu magana, ko da yake da babu gara ba daɗi.

A duba Netscape. A 1998 kamfanin ya saki rubutun burauzarsa tana da rai, ana kan amfani da ita, ma'aikatansa na nan. An sha wahala, an ma sake rubuta mafi yawanta, amma daga nan Mozilla ta fito, daga Mozilla aka samu Firefox da Thunderbird, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a Disambar 2004 kuma har gobe ana sabunta ta. Ba ina cewa sakin da wuri lamuni ne ba. Mulberry, wata manhajar imel da jami'o'i suka so, kamfaninta ya karye a 2005, aka buɗe rubutunta a 2007, amma ba ta sake yin tashe ba. Rubutu ba ya gyara kansa, sai da mutane masu lokaci da abin sakawa a baki. Duk da haka wanda aka ba dama da wuri ya fi wanda aka ba bayan kowa ya tashi. Kuma ana ci gaba da rufe irin waɗannan manhajoji: Outlook Express ta tafi, Windows Live Mail ta bi ta, ta Mail da ke zuwa da Windows ma an daina tallafa mata a ƙarshen 2024, babu wadda aka buɗe cikinta.

Abin da ya cece ni a ƙarshe ba sakin 2018 ba ne, wata shawara ce da masu Eudora suka yanke tun farko. Kowane akwatin saƙo fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .mbx, kuma cikinsa rubutu ne zalla a tsarin mbox, wanda ko da Notepad za ka buɗe ka karanta. Kusa da shi akwai ƙaramin fayil .toc mai riƙe da jerin wasiƙun. Muka kwafe fayilolin .mbx zuwa foldar gida ta Thunderbird, muka cire musu wutsiyar suna, muka sake kunna ta, sai ga wasiƙun sun jeru. Wasu kwanakin wata sun ɗan rikice, alamar an karanta ko ba a karanta ba ta ɓace, amma maganar da ke ciki tana nan. Yarjejeniyar da muka yi da wata ƙungiya tun kafin a haifi autana, ga ta ana karantawa.

A kula da abu ɗaya a nan. Eudora ba ta barin abin da aka maƙala a jikin wasiƙa. Cire shi take ta ajiye a wata folda mai suna attach, ta bar layi ɗaya a wasiƙar mai nuna inda yake. Wanda ya kwashe akwatuna ya bar wannan foldar, ya kwashi wasiƙu ba takardunsu. A ɗauke ta gaba ɗaya, a ajiye kwafi a filashi ko wani rumbun daban kafin a taɓa komai.

Wa zan ba shawarar ya neme ta? Ɗalibin kwamfuta a KASU ko Poli da ke son ganin yadda aka gina babbar manhajar kasuwa daga tushe, yadda ake magana da sabar ta hanyoyin karɓa da tura imel, wato POP da IMAP da SMTP, ya sauke ya karanta, zai ƙaru fiye da yadda littafin aji zai ƙara masa. Mai tsofaffin wasiƙu a Eudora da ke son ya ci gaba da buɗe su a mazauninsu, ya saka gyaran Hermes ya bar ta a matsayin ma'ajiya. Amma mai rubuta Hausa kullum, mai karɓar saƙon banki, mai son imel ɗinsa ya daidaita tsakanin kwamfuta da waya, ba tasa ba ce. Ni aikin yau da kullum na mayar da shi Thunderbird: tana karɓar ƙ da ɗ ba gardama, tana shiga Gmail ta sabuwar hanya, tana aiki layi a kashe, kuma tun 2024 akwai ta Android. Ta fi Eudora nauyi nesa ba kusa ba, kuma tagoginta ba sa jeruwa yadda na saba, har yanzu hannuna na kai wa maɓallan da babu su.

Ɗan ƙanwar tawa ya kwafi rubutun a filashinsa ya tafi da shi. Ya ce yana so ya duba ɓangaren da ke sarrafa haruffa, ko zai iya ɗaukarsa a matsayin aikin kammala karatunsa na gaba, in malaminsa ya yarda.